Wanda Ya Hutar Da Dabbarsa Daga Azabar Ciwo, Shin Ya Yi Zunubi?

Wata rana bayan sallar La'asar wani magidanci ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce: "Malam, na kashe rai." Ashe kyanwarsa ce, wadda ta shekara 9 a gidansa, mota ta karya mata ƙashin baya. Likitan dabbobi ya tabbatar masa ba za ta tashi ba, sai ya amince aka yi mata allurar da ta hutar da ita. Tun ranar barci ya ƙaurace masa, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa.

Abu biyu ne suka cakuɗe a zuciyar wannan bawan Allah: baƙin cikin rabuwa, da tsoron zunubi.

Shi baƙin ciki ba abin kunya ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanin Anas ɗan Malik, wanda ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) kuma yakan tambaye shi labarinsa. A wata ruwayar, da tsuntsun ya mutu, Annabi ya lura da damuwar yaron, bai raina ta ba.

Batun hukunci kuwa, malamai sun saɓa. Shafi'awa sun hana kashe dabbar da ba a cin namanta don a hutar da ita. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya ambaci halaccin hakan a Muhtasar idan an fid da rai da warkewarta, Shehu Dardir kuma ya bayyana a sharhinsa cewa an so hakan don a sauƙaƙa mata. Hadisin Shaddad ɗan Aus a Sahihu Muslim ya wajabta kyautatawa ko a wurin kisa da yanka.

Sau da yawa Shaiɗan yakan tunatar da irin wannan mutum hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. To, ita waccan tsare ta ta yi, ba ci ba sha, har ta mutu. Ina haɗin mai azabtarwa da mai neman kawar da azaba? Ayyuka da niyya ake auna su.

Sai dai kowa ya bincika zuciyarsa. Wanda ya gaggauta kisa don gudun ɗawainiya alhali akwai magani, ko ya yi sakaci har ciwo ya ci ƙarfinta, wannan ya tuba, ya yawaita istigfari, ya bi bayansa da aikin alheri. Ko ajiye kaskon ruwa ga tsuntsaye a watannin zafi sadaka ce, tunda an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare.

Na ce wa mai tambayata: "Ɗan'uwa, tausayi ne ya sa ka, kada ka mayar da shi tuhuma a kanka." Allah ne Mafi sani.