Fom Ya Tafi, Amma Ba a Gan Shi Ba

A zamanin nan da wuya malami ya ƙare mako guda bai cika wani fom ba. Akwai na lissafin yaran da suka zo makaranta, akwai na makin jarrabawa, akwai na neman izinin tafiya, ga kuma na malamanmu da ke zuwa duba mu lokacin aikin gwaji. Da can a takarda a ke buga su a miƙa hannu da hannu. Yanzu kuwa da yawansu ta imel su ke yawo, kuma a nan ne wata matsala ta kan ɓullo. Mutum ya zauna ya tsara fom mai kyau, da layuka da gidajen rubutu, ya aika, wanda aka aika wa ya buɗe ya tarar babu kome. Mai aikawa ya rantse ya aika, mai karɓa ya rantse bai gani ba, alhali kuwa dukansu gaskiya su ke faɗi. Nufina a nan in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai dalilin wannan abu, da yadda a ke bin sawunsa har a gyara.

Bari mu fara da yadda imel ya ke tafiya. A 1971 ne wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ da mu ke gani a adireshi. A 1982 aka tsayar da ƙa'idar aika saƙonnin, wadda a ke kira SMTP, kuma a lokacin rubutu zalla kaɗai ta ke ɗauka. Sai a 1992 aka ƙara wata ƙa'ida, MIME, wadda ta ba da damar maƙala hoto da fayil. Abin lura shi ne, hoton da ka ke gani a fuskar kwamfutarka ba ya zuwa ko'ina. Bayaninsa ne ke tafiya, sa'an nan manhajar mai karɓa ta sake zana shi gwargwadon abin da ta iya. Manhaja a nan ba ta karatu na ke nufi ba, watau irin su Outlook da Gmail na ke nufi, waɗanda a ke buɗe saƙo da su.

Na ga misalin wannan a wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Kumbiya-Kumbiya, cikin garin Gombe, inda na yi aikin gwaji. Malamin kwamfuta ya tsara fom na shigar da makin jarrabawa a cikin Outlook, a kwamfutar ofis, aka aika wa malaman aji. Ranar rufe makaranta ta ƙarato, ba wanda ya mayar da fom, katin sakamakon yara kuwa ba ya yiwuwa sai da makin. Hedimasta ya fusata, har ya fara maganar ba malamai takardar tuhuma. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, kafin a rubuta, a yarda mini in duba wayar mutum biyu ko uku.” Ya ce, “To, Malam, duba mu gani.” A wayar wata malama saƙon ya zo da kanun magana kaɗai. A ta wani malami kuwa akwai wani ɗan fayil mai suna winmail.dat wanda ya ƙi buɗuwa. Ashe ba wanda ya taɓa ganin fom ɗin sai wanda ya tsara shi.

Dalili na farko za a fi gane shi da rajistar aji. Rajista abu biyu ce: akwai layuka da kanun da aka buga, akwai kuma sunaye da lambobin da malami ya ke rubutawa. In ka kwafi lambobin kaɗai a 'yar takarda ka ba wani, sai yana da irin rajistarka zai san inda kowace lamba za ta zauna. Haka fom na musamman ya ke a Outlook, manhajar da kamfanin Microsoft ya fitar a 1997. Tsarin fom ɗin a wata ma'ajiya ya ke zama, saƙon kuwa sunan fom da abin da aka cika ya ke ɗauka. Idan mai tsarawa ya ajiye shi a ma'ajiyarsa ta kansa, shi kaɗai zai gan shi. Sai in an ajiye shi a ma'ajiyar ma'aikata duka, a kan babbar na'urar rarraba saƙonni da a ke kira Exchange, sa'an nan abokan aiki da ke kan wannan na'ura za su gani. Wanda ke waje da ita, manhajarsa ta kan buɗe saƙon kamar kowane saƙo, gidajen rubutun su ɓace.

Dalili na biyu ya fi ban haushi domin ƙanƙantarsa. Fom na saƙo a Outlook fuska biyu gare shi, ɗaya ta mai rubutawa, ɗaya ta mai karantawa. Sau da yawa mai tsarawa ya kan ƙawata fuskar rubutawa, domin ita ce a gabansa, ya bar ta karantawa yadda ta ke. To, ko da mai karɓa yana da fom ɗin, fuskar karantawa za a nuna masa, ita kuwa babu kome a cikinta. Maganinsa shi ne a koma wurin tsarawa, ko dai a sa gidajen rubutu a fuskokin biyu, ko a cire alamar da ta raba su, su zama ɗaya. A kuma gaya wa mai karɓa ya buɗe saƙon sosai, domin ɗan gefen da a ke leƙa saƙo ba ya nuna irin wannan fom.

Dalili na uku shi ne wannan winmail.dat. Idan Outlook zai aika abin da shi kaɗai ya san ma'anarsa, ya kan ƙunshe shi a wani ƙunshi da a ke kira TNEF. Wani Outlook ɗin zai kwance ƙunshin ba tare da mutum ya sani ba, amma manhajoji da yawa waɗanda ba na Microsoft ba sai su nuna shi a matsayin fayil mai wannan suna. Wani lokaci har takardun da aka maƙala su kan maƙale a ciki. Ana hana wannan ta wurin canja sigar saƙo daga RTF zuwa HTML ko rubutu zalla. Amma fa a sani, in aka yi haka gidajen fom ɗin ba za su bi saƙon ba. Gaba kura, baya sayaki ke nan. Ga shi kuma tun 2017 Microsoft ya toshe umarnin da a ke sa wa cikin irin waɗannan fom, sai in mai kula da kwamfutocin wuri ya buɗe da gangan, domin mugaye suna ɓoye cuta a ciki. Outlook na waya da na shafin intanet kuwa ba su nuna su sam. Mu a nan, inda yawancin malamai da waya su ke karanta saƙo, wannan kaɗai ya isa dalilin guje musu.

Akwai kuma matsala ta huɗu wadda ta shafi masu rubutu da Hausa. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, amma jerin alamu 128 da imel ya fara da shi, wanda a ke kira ASCII, ba ya da ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka mutane suka ƙirƙiro salon haruffa na musamman, inda za ka danna wata alama ta fito maka kamar ƙ. Wanda ba ya da wannan salo a na'urarsa sai ya ga }asa a maimakon ƙasa, da ]aya a maimakon ɗaya. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu. A rubuta da maɓallan Hausa na gaskiya, a aika da sigar UTF-8. Kada a ce za a watsar da ƙugiyar don a huta, gama baƙi daban, baki daban, haka ƙafa da kafa.

To, idan an kawo maka ƙara cewa fom bai buɗu ba, kada ka yi ta sake aikawa. Ga yadda na ga ya fi sauƙi a bi. Da fari ka tambayi mutumin abin da ya gani, ka roƙe shi ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo maka, gama gani ya kori ji. Na biyu, ka tambaye shi da wace manhaja ya buɗe, a waya ko a kwamfuta. Na uku, ka bincika ko kowa ne bai gani ba, ko kuwa waɗansu ne. Idan ba wanda ya gani, har waɗanda ke ofis ɗaya da kai, ka tuhumi ma'ajiya da fuskar karantawa. Idan na ciki sun gani, na waje ba su gani ba, laifin hanya ne ko bambancin manhaja. Idan kuwa fom ya fito amma haruffa sun rikice, ka duba salon haruffa. Ka riƙa canja abu ɗaya ka gwada, kafin ka taɓa na biyu, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ka san abin da ya gyara shi ba.

Amma rigakafi ya fi magani. In amsa ka ke so daga mutane masu na'urori iri iri, hanya uku ce mai aminci. Ka rubuta tambayoyin a cikin saƙon kansa, kowace da lambarta, mutum ya amsa a ƙarƙashi. Wannan ba ya cin data, kuma ba wayar da za ta kasa nuna shi. Ko ka ajiye fom ɗin a shafin intanet, irin na Google Forms, ka aika da adireshinsa kaɗai, domin kowa wuri ɗaya zai je ya cika. Wannan hanyar ce aka bi a makarantar da na ambata, makin ya shigo, ba a kuwa tuhumi kowa ba. Ko kuma, in takarda ce da za a buga a sa hannu, ka mayar da ita PDF, gama shi ya kan riƙe kamanninsa duk inda ya je. Saƙon dai kada ya yi nauyi: Gmail ba ya maƙala abin da ya wuce megabait 25, kuma ya kan datse jikin saƙo in ya haura kilobait 102.

Malaman hanyar koyarwa sun sha gaya mana cewa idan ka yi rubutu a allo, ka taka zuwa bayan aji ka duba ko yaron da ke bencin ƙarshe yana iya karantawa. Wannan ka'ida ita ce ta imel. Kafin ka aika wa mutum ashirin, ka aika wa kanka a wani adireshi, ka buɗe a waya, ka kuma roƙi wani aboki mai wata irin manhaja ya buɗe ya cika ya mayar maka. Aikin minti biyar ne, amma yana iya tsare mutuncin malamin da ba shi da laifi, ya kuma sa yara su tafi hutu da sakamakonsu a hannu.