Aman jini: kafson aljihu ba ya tsayar da shi

Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, da yawa daga cikinmu ƴan kasuwa ba ma rabuwa da kafson omeprazole saboda gyambon ciki. Magani ne mai kyau, yana rage ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa. Sai dai akwai ranar da kafso ba ya isa, wato ranar da gyambon ya fara zubar da jini.

Alamomin a fili suke: aman jini, ja ko baƙi-baƙi kamar garin kofi, ko kuma bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, tare da jiri da bugun zuciya. Wanda ya ga haka ya bar shago, a kai shi babban asibiti nan take.

A can likita zai fara da ƙarin ruwa, wani lokaci da ƙarin jini. Sannan a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a gano inda jinin ke fita, a toshe wurin. Aikin omeprazole a nan shi ne ya hana ruwan tsami narkar da gudan jinin da ya rufe bakin gyambon.

Kafson da muka saba sha miligiram 20 ne. A asibiti kuwa, in gyambon mai haɗari ne, ana ba da miligiram 80 ta jijiya a tashi ɗaya, sannan miligiram 8 kowace awa har awa 72, domin a kwanaki 3 na farko ne jinin ya fi dawowa. Wasu likitoci sukan ba da miligiram 40 sau 2 zuwa 4 a rana maimakon haka. Wani binciken da aka buga a shekarar 2000 daga Hong Kong, kan marasa lafiya 240, ya nuna jinin ya dawo wa kusan kashi 7 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin ta jijiya, amma ya dawo wa fiye da kashi 22 na waɗanda ba a ba su ba.

Bayan an koma gida sai a ci gaba da shan kafso yadda likita ya tsara, kafin a ci abinci. A kuma nemi gwajin ƙwayar cutar Helicobacter pylori, domin in ba a kashe ta ba gyambo na iya dawowa.

Mu lura da abu biyu. In jinin daga ciwon hanta ya taso, omeprazole ba ya tsayar da shi. Kuma ƙwayoyin ciwon jiki da muke sha bayan gajiyar hanya, irin su diclofenac da ibuprofen da aspirin, suna cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan zubar jini. Kasuwar gobe za ta ci, amma sai mai rai ke cin ta. Allah ya ba mu lafiya.