Jiri da ɓacin ciki bayan rigakafi: Yaushe ya kamata a tafi asibiti?

Ba sabon abu ba ne a ji jiri, tashin zuciya ko gudawa bayan allurar rigakafi, kuma galibi sukan lafa cikin kwana biyu zuwa uku. Jirin da ke zuwa nan take yawanci fargabar allura ce ke jawo shi, shi ya sa ake zaunar da mutum na minti 15 kafin ya tafi.

A gida, hutu da yawan shan ruwa sukan wadatar, tare da ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa.

Amma idan abin ya haura kwana uku, kada a ɗora wa allurar laifi a yi zaune. Zazzaɓin cizon sauro, taifot ko ƙarancin jini na iya zama sanadi, kuma gwaji ne kaɗai zai tantance.

Kumburin fuska, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji ko aman da ya ƙi tsayawa kuwa, ba sa jiran gobe.

Haka ma jaririn da aka ɗiga wa rigakafin rota, wanda Najeriya ta fara bayarwa a 2022: idan yana tsala kuka yana naɗe ƙafafu, ko aka ga jini a kashinsa, a garzaya da shi asibiti.