Wa Ya Fara Rufe Ƙofar?

A watan Fabrairun 2020 gidan talabijin na MBC da ke Koriya ta Kudu ya nuna wani shiri da ya sa jama'a zubar da hawaye a ƙasashe da dama. Wata uwa ce da 'yarta mai shekara 7 ta rasu a 2016 sanadiyyar wata cutar jini. Masana kwamfuta suka karɓi hotunan yarinyar da bidiyonta, suka yi wata 8 suna ƙera siffarta. Da suka gama sai aka kawo uwar ɗakin ɗaukar shiri, aka ɗaura mata wani ƙaton tabarau mai rufe ido ruf, aka sa mata safar hannu. Cikin tabaran nan sai ga yarinya ta fito a guje a wani lambu tana kiran mamarta. Uwa ta fashe da kuka, ta miƙa hannu za ta shafa kan 'yarta. Wanda ya ɗauke ido daga allo ya dubi ɗakin kuwa, ba abin da zai gani sai mace ita kaɗai gaban koren kyalle tana lalubar iska.

Masu kallo sun rabu biyu. Wasu suka ce an taimaki baiwar Allah ta yi bankwanan da ciwo bai bar ta ta yi ba. Wasu suka ce an fama mata miki ne kawai don shiri ya karɓu. Amma ƙarƙashin gardamar akwai wata fargaba da ta girmi shirin: idan na'ura za ta iya mayar wa mutum da wanda ya rasa, ta ba shi gidan da bai mallaka ba, da jikin da ya fi nasa, da abokan da ba sa saɓa masa, me zai sa ya cire tabarau ya komo cikin mutane? Tun a 1974 wani masanin falsafa Ba'amurke, Robert Nozick, ya jefa wannan tambaya. Ya ce a ƙaddara akwai na'urar da za ta jiyar da kai duk daɗin da kake so har ka mutu, ba tare da ka san ba gaske ba ne, shin za ka yarda a jona ka? Shi a ganinsa yawancin mutane za su ƙi.

Wanda yake son ya auna wannan fargaba da abin da ya faru, ba da hasashe ba, to ya dubi Koriya ta Kudu, don ta riga kowa shiga ruwan. Bayan durƙushewar tattalin arzikin ƙasashen Asiya a 1997, gwamnatin ƙasar ta zuba kuɗi wajen shimfiɗa intanet mai sauri. Waɗanda suka rasa aiki da yawa suka buɗe shagunan kwamfuta da ake kira PC bang, inda mutum zai biya kuɗi kaɗan ya zauna yana buga gem dare da rana, a kawo masa taliya har kujerarsa. Kafin a ankara wasan StarCraft ya zama sana'a, ana nuna gasarsa a talabijin, 'yan wasa suna da magoya baya. A 2005 wani matashi ɗan shekara 28 ya yanke jiki ya faɗi a irin wannan shago a birnin Daegu bayan ya yi kusan sa'a 50 yana wasa, ba barci ba abincin kirki, rai ya yi halinsa.

Labarin da ya fi girgiza ƙasar shi ne na wasu ma'aurata a Suwon. A Satumban 2009 jaririyarsu 'yar wata 3, wadda aka haifa bakwaini, ta mutu da yunwa. Sukan ba ta madara sau ɗaya a rana, su kulle ta a ɗaki su tafi shagon kwamfuta su yi sa'a 12. Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci shi ne wasan da suke bugawa, Prius Online, wasa ne da ake rainon wata yarinya ta cikin allo. Kotu ta yanke wa mijin ɗaurin shekara 2 a 2010, matar kuma aka jingine nata hukuncin saboda tana da juna biyu. Jaridun duniya suka buga: ga wasa ya kashe jaririya. Sai dai akwai abin da kanun labarai suka tsallake. Mutanen nan biyu ba su da aikin yi, a intanet suka haɗu, suna cikin talauci, kuma 'yan sandan da suka binciki lamarin sun ce alamu sun nuna sun riga sun yanke ƙauna da rayuwa irin ta kowa. Wannan bai wanke su ba ko kaɗan. Ya dai nuna cewa kafin allo ya haɗiye su, akwai abin da ya riga ya tofar da su.

Gwamnati ta yi abin da gwamnatoci suka saba, ta kama abin da ake gani. A Nuwamban 2011 aka fara aiki da dokar da ta hana duk yaron da bai kai shekara 16 ba buga gem ta intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe. Yara suka koma shiga da lambar shaidar iyayensu. Dokar kuma ta kwamfuta ce, ba ta shafi waya ba, alhali a shekarun ne wasa ya ƙaura ya koma cikin aljihu. Bayan shekara 10, a 2021, aka soke ta, aka mayar wa iyaye wuƙa da nama. A wannan shekarar ce kuma ƙasar Sin ta bi hanyar da Koriya ta baro, har ta zarce: 'yan ƙasa da shekara 18 sa'a 3 kacal aka yarje musu a mako, sa'a ɗaya-ɗaya ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi.

Cewa ciwon akwai shi, babu musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da jarabar gem cikin kundin cututtuka a 2019, ya fara aiki a 2022. Amma ta gindaya sharuɗɗa da ya kamata iyaye su sani kafin su yanke wa ɗansu hukunci. Ba yawan sa'o'i ake dubawa ba. Ana duba ko mutum ya kasa riƙe linzamin wasan, kuma ya fifita shi kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake masa a karatu ko aiki ko iyali, kuma a ga hakan ya ɗore, galibi wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaso kaɗan ne na masu wasa suke kaiwa nan.

To ina tabaran da aka ce zai kwashe mu gaba ɗaya? Nan labarin ya ɗan zama abin dariya. Kamfanin Facebook ya sayi Oculus, masu ƙera irin wannan tabarau, kan kusan dala biliyan 2 a 2014. A Oktoban 2021 shugabansa Mark Zuckerberg ya sauya wa kamfanin suna zuwa Meta, ya ce nan gaba a duniyar gizo za a riƙa aiki da ciniki da ziyara. Sashen da ke wannan aiki ya tafka asarar dala biliyan 13.7 a 2022, biliyan 16.1 a 2023, biliyan 17.7 a 2024. Apple ya fito da nasa tabaran a farkon 2024 kan dala 3,499, kuɗin da a nan ƙasar jarin mutum ne sukutum. Hukumar birnin Seoul ma ta buɗe Metaverse Seoul a Janairun 2023 don mazauna birnin su riƙa shiga ofisoshin gwamnati ta cikin allo, ba a cika shekara 2 ba aka rufe shi don ba masu zuwa. Ba kuma wannan ne karon farko ba. Lokacin da Second Life, wata duniyar gizo da aka buɗe a 2003, take tashe, har ofishin jakadanci ƙasar Suwidin ta buɗe a ciki a 2007, aka yi ta cewa duniya ta tashi ta koma can. Tana nan har yau da mutanenta, duniya kuma ba ta koma ba. Tabarau yana da nauyi, yana sa wasu jiri, mutum kuma yana jin yunwa, yana son ya ga wanda ya shigo ɗaki.

Ni a ganina an ɗora tsoron a inda ba nan ne muhallinsa ba. Mutumin da yake da wurin zama cikin jama'a, ana cigiyarsa in bai fito ba, ana ba shi aiki ana gode masa, da wuya ka ga ya tare a duniyar gizo. Zai leƙa ya fito. Wanda ke tarewa shi ne wanda ta wannan ɓangaren aka rufe masa ƙofa. Yaron Koriya yakan tashi daga makaranta ya wuce darasin biya har ƙarfe 10 na dare, shekara da shekaru, duk don jarrabawa ɗaya ta shiga jami'a, wadda ranar yin ta har jiragen sama ake dakatarwa kada ƙararsu ta dame masu sauraren tambayoyi. Wanda ya faɗi, ko ya ci amma bai samu aikin da ake tsammani ba, da wane ido zai dubi dangi? A cikin wasa kuwa, yau ka yi ƙoƙari yau za ka ga sakamako, kuma ba mai tambayarka wace jami'a ka yi. Japan ta san irin waɗannan mutane tun kafin intanet ya game gari. Hikikomori suke ce musu, masu kulle kansu a gida wata 6 ko fiye, kuma binciken gwamnatin ƙasar da aka fitar a 2023 ya ƙiyasta sun kai miliyan 1.46.

Akwai kuma wanda ƙofar ba mutane ne suka rufe masa ba. Mats Steen ɗan ƙasar Norwe ne da aka haifa da wata cuta mai cinye tsokar jiki sannu a hankali. Ya rasu a 2014 yana da shekara 25, bayan ya yi yawancin rayuwarsa a keken guragu. Iyayensa sun yi ta baƙin cikin cewa ɗansu ya rayu ba aboki, ba soyayya, bai amfani kowa ba, kullum yana gaban kwamfuta yana buga World of Warcraft. Da suka sanar da rasuwarsa a shafinsa, sai saƙonni suka yi ta kwararowa daga ƙasashen Turai. Ashe a cikin wasan, inda ake kiransa Ibelin, mutum ne da ake kai wa kuka. Ya sasanta wata yarinya da iyayenta. Ya taimaka wa wata uwa ta samu hanyar kusantar ɗanta da ba ya iya sakin jiki da mutane. An yi fim a kan rayuwarsa a 2024. Wa zai buɗe baki ya ce wannan abota ta bogi ce? Amma a lura da abin da abokan suka yi da labari ya iske su. Ba su tsaya ga taron cikin allo ba. Wasunsu sun hau jirgi daga ƙasashensu zuwa Oslo don su tsaya a jana'izar mutumin da ba su taɓa gani da ido ba. Su ma da ba su taɓa jin Hausa ba sun san zumunci a ƙafa yake.

Iyakar abin ke nan. Hira tana bin waya ta isa, haka nasiha da raha, har ma da ƙauna. Amma akwai haƙƙoƙin da sai jiki ya je: shayar da jariri, jinyar mahaifi, ɗaukar makara. Musulmi sun ci karo da wannan iyaka a ƙarshen 2021, lokacin da hukumar kula da Masallatan Harami biyu ta Saudiyya ta ƙaddamar da shirin kallon Hajarul Aswad ta cikin tabarau. Surutu ya tashi, har hukumar harkokin addini ta Turkiyya ta fito a farkon 2022 ta ce a kalla ba laifi, amma wannan ba Hajji ba ne, sai ƙafa ta taka ƙasa. Ban ji wanda ya yi jayayya ba.

A ƙasar Hausa mai tabarau ɗaiɗai ne, ga tsada ga rashin wuta, don haka mutum zai iya cewa wannan matsalar masu ƙoshi ce. Amma je ka majalisar unguwa bayan Isha'i ka ƙirga kawuna nawa ne a sunkuye. Mutum shida kan benci ɗaya, kowa da tasa duniyar a tafin hannu. Ta'aziyyar da a da sai an yi takakkiya, yanzu "Allah ya jiƙan rai" ce a zauren WhatsApp, ko da gidan rasuwar yana bayan layi. Waya ba ta rufe ido ruf, shi ya sa ba a jin tsoronta, alhali ita ce ta yi aikin da biliyoyin Meta suka kasa. Ba duka ne sharri ba. Ɗan ci-rani a Legas ko Kumasi yana ganin fuskar gyatumarsa a bidiyo, matar da ke cikin gida tana sayar da atamfa da turaren wuta ba ta taka ko zaure ba. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne saurayin da ya gama digiri da bautar ƙasa shekara da shekaru, ba aiki, ba halin aure, in ya shiga taron dangi tambaya ɗaya ake masa. Shi ne zai kwana yana gem ko TikTok ya tashi da azahar. In aka ƙwace wayar aka bar shi da halin da yake ciki, bango zai koma kallo.

Koriya ta Kudu ta ɗauki lokaci kafin ta juyo ta wannan fuska. Ƙiyasin da hukumominta suka yi amfani da shi ya nuna kusan mutum 350,000 'yan shekara 19 zuwa 39 suna zaman kaɗaici, sun janye daga jama'a. A Afrilun 2023 gwamnatin da ta shafe shekara 10 tana kashe wa yara wasa da tsakar dare ta amince a riƙa bai wa matasan da suka kulle kansu, 'yan shekara 9 zuwa 24 daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, tallafin da ya kai won 650,000 a wata, kusan dala 500, tare da taimakon karatu da neman aiki da ganin likita, ko sa fito.