RUWAN LAGIRETO: KADA LAUNI YA RUƊE KU

'Yan'uwa manoma, a daminar bara wata ƙungiya a yankinmu ta rasa motarta daidai lokacin kai taki. A-kori-kura ce ta hannu, wadda suka daɗe suna tara kuɗi kafin su saya. Ta tsaya a hanya tana tururi. Da bakanike ya kwance lagireto, sai ya tarar ƙananan hanyoyin ruwa sun toshe da wani abu mai kauri kamar kunu. Gaskit na kan inji kuma ya ƙone.

Da muka bi sawun abin, sai muka ga direban bai yi da mugun nufi ba. Motar ta zo da jan ruwa a lagireto. Da ya ragu sai ya sayi kore ya ƙara. Daga baya ya riƙa cikawa da ruwan rijiya. Ran nan ya ga wani ja mai araha a kasuwa, ya ce ai irin na farko ke nan, ya zuba. Kuɗin da aka keɓe domin iri, shi aka kai gareji. Saboda haka na ga ya kamata mu yi wannan magana dalla-dalla.

AMFANIN MAGANIN A ƘASAR ZAFI

A gwangwani ko jarka za ku ga an kira shi kulant, ko antifiris, watau mai hana daskarewa. Mutane da yawa sukan ce, "Mu da ba mu da ƙanƙara, ina ruwanmu da shi?" Gaskiya ne, a Turai aka fi bukatarsa domin sanyi. In an gauraya shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Ko a Jos cikin hunturu ba mu kusa da haka. Amma yana da wasu ayyuka biyu da suka shafe mu.

Na fari, yana jinkirta tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku. A tudu irin na Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, yana tafasa tun a digiri 96. Gaurayen rabi da rabi yakan kai wajen digiri 107. In kuma murfin lagireto yana riƙe matsi sosai, sai ya haura digiri 125. Ku lura, murfin ya fi maganin ƙara wannan tazara. Wanda ya sayi magani mai tsada amma ya bar murfi mai yoyo, ya yi aikin banza.

Na biyu, kuma shi ne babba, yana hana tsatsa. Cikin inji ɗaya akwai baƙin ƙarfe, da alminiyam, da jan ƙarfe, da dalma, duk ruwa ɗaya yana ratsa su da zafi. Ruwa zalla yana cin su a hankali. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma yakan bar farin ɓawo, irin wanda kuke gani a gindin butar shayi. Wannan ɓawo yana hana zafi fita, yana kuma toshe lagireto.

IRI UKU NE MANYA

Yawancin abin da ke cikin jarkar wani ruwa ne mai suna etilin gilaikol. Wannan ɗaya ne a kusan dukansu. Bambancin yana cikin ɗan maganin tsatsa da aka sa, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. A kan wannan ɗan kaɗan ɗin ne iri ya rabu.

1. Tsohon iri, mai alamar IAT. Yana da silikat da fosfat. Fosfat kun san shi, ɗan'uwan abin da ke cikin takin sufa ne. Waɗannan suna shafe jikin ƙarfe da sauri kamar fenti, amma suna ƙarewa da wuri. Ana canja shi kowace shekara 2, ko bayan wajen kilomita 50,000. Shi ya dace da tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da duk injin da lagiretonsa jan ƙarfe ne da aka liƙe da dalma.

2. Iri mai daɗewa, mai alamar OAT. Ba shi da silikat. Maganinsa yana kama wurin da tsatsa ke so ta fara kawai, don haka ba ya saurin ƙarewa. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da nasa, Dex-Cool, a tsakiyar shekarun 1990, ya ce zai yi shekara 5 ko kilomita 240,000. G12 na Volkswagen ma wannan iri ne. An yi shi domin sababbin injuna masu lagireton alminiyam da roba.

3. Gauraye, mai alamar HOAT. An haɗa maganin mai daɗewa da ɗan kaɗan na tsohon iri. Shi ma ya kasu biyu. Masu ƙera mota a Turai suna sa silikat, suna gudun fosfat, gama ruwan famfonsu yana da ɓawo, fosfat kuwa yana haɗuwa da shi ya zama laka. Masu ƙera mota a Japan, irin su Toyota da Honda, suna sa fosfat, suna gudun silikat, domin suna ganin yana cin robar da ke tare ruwa a famfon inji.

Kun gani ke nan, abin da wannan ya zaɓa shi wancan ya ƙi.

LAUNI RINI NE KAWAI

Gilaikol ba shi da launi, kamar ruwa yake. Kamfani ne ke zuba rini domin a gane yoyo. Babu dokar da ta tilasta wa kamfanoni launi ɗaya. Dex-Cool ruwan lemo ne. G12 ja-ja ne. Na Toyota akwai ja, akwai ruwan hoda, alhali cikinsu ba ɗaya ba ne da G12. Na Honda shuɗi ne, G11 na Volkswagen ma shuɗi-shuɗi ne, amma G11 yana da silikat, na Honda ba shi da shi. Kore a dā alamar tsohon iri ne, yanzu akwai kore mai daɗewa. Banda wannan, akwai na jabu a kasuwa, ruwa ne da rini kawai.

Ba za ku sayi taki domin launin buhu ba, sai kun karanta lambobin da ke jikinsa. Haka za ku yi a nan.

ABIN DA KE FARUWA IN AN GAURAYA

Ba kullum ne mota za ta tsaya nan take ba, shi ya sa mutane ke cewa, "Na gauraya, ban ga kome ba." Ɓarnar da ta fi yawa a ɓoye take. Kowane magani ya tsinka ɗan'uwansa, babu wanda ya isa ya tsare ƙarfe sosai. Ruwan da aka saya domin shekara 5 ya koma na shekara 2 ko ƙasa da haka. Wani lokaci kuma, musamman in ruwan ya tsufa ko an ƙara na rijiya, silikat yakan rabu ya zama kunu, ya toshe lagireto. Volkswagen da kansu sun hana haɗa G11 da G12 na farko saboda haka.

In ruwa ya ƙare muku a hanya, ba ku kuwa san irin da ke ciki ba, gara ku ƙara ruwa mai tsabta ku isa gida, da ku zuba magani wanda ba ku sani ba. In kun isa, a nemi inda yake yoyo a gyara.

YADDA ZA KU SAN NAKU

Ku duba littafin motar. In babu, ku duba murfin tankin roba na ruwa, wani lokaci an rubuta irin a kai. In babu wannan ma, ku tambayi dillalin wannan irin mota, ku faɗa masa shekarar da aka ƙera ta. Sa'an nan ku karanta bayan jarka. Ta ƙananan motoci takan ɗauki lambar ASTM D3306. Yawancin motocin hannu da ke shigowa daga Turai da Amurka sukan zo da iri mai daɗewa. In ba a san abin da ke ciki ba, ko an riga an gauraya, hanya ɗaya ce: a zubar duka, a wanke, a soma sabo.

YADDA AKE CANJA IRI

1. A bar inji ya huce sarai. Kada a taɓa buɗe murfi da zafi, gama ruwan zai yi tsalle ya ƙone fuska da hannu.

2. A murɗa hitar cikin mota zuwa zafi, domin ruwan da ke cikinta ya fita. A sa daro a ƙasa, a kwance magudanar lagireto, da ta jikin inji in akwai. A cire tankin roba a wanke.

3. A rufe, a cika da ruwa mai tsabta, a tā da inji minti 10 zuwa 15 har babban tiyo na sama ya yi zafi. A kashe, a bari ya huce, a zubar. A maimaita har ruwan ya fito garau. Sau uku ba yawa ba ne.

4. A duba tiyo, da fambel, da murfi. Wanda ya tsage ko ya kumbura a sake shi.

5. A zuba sabon magani, a tā da inji murfi a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, a cika, a rufe. Kashegari da safe a sake dubawa.

Akwai lissafin da bakanikai da yawa ke mantawa. Ba dukan ruwan wanki ke fita ba. A ce injinku yana ɗaukar lita 10, amma da aka kwance lita 6 kawai ta fito. Saura lita 4 ta ruwa zalla a ciki. In kun zuba lita 6 ta wanda aka riga aka sirka, mai 50/50 a jikinsa, gilaikol lita 3 kawai kuka sa, watau kashi 30 cikin ɗari. Ya yi rauni. Abin yi shi ne a sayi marar sirki, a fara zuba lita 5, sa'an nan a cika da ruwa. A ƙasarmu daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya isa. Kada a zuba marar sirki shi kaɗai, gama gilaikol bai kai ruwa iya kwashe zafi ba, inji zai ƙara zafi ne.

Ruwan sirki mafi kyau shi ne tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir. Amma ku yi hankali, ku tabbata ba asid aka ba ku ba. In babu, ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku, aka tace da ƙyalle, ya fi na rijiya nesa.

TARAKTA DA MANYAN INJUNAN GAS

Wasu manyan injunan gas suna da silinda wadda ruwa ke taɓa bayanta kai tsaye. Girgizar inji tana haddasa ƙananan kumfa masu fashewa a jikin ƙarfen, har su huda shi, ruwa ya shiga baƙin mai. Irin waɗannan suna bukatar maganin manyan injuna, wanda yakan ɗauki lambar ASTM D6210. Na ƙaramar mota ba lalle ya tsare su ba. Injin niƙa mai tankin ruwa a buɗe kuwa, wanda ruwansa ke tafasa yana ƙafewa, ruwan sama mai tsabta ya ishe shi. Ƙaramin injin ban ruwa da iska ke sanyaya shi ba ya bukatar kome.

GUBA NE

Etilin gilaikol yana da zaƙi, yana kashe ƙoda. Kare da akuya da kaji sukan lashe shi, yaro ma zai iya sha. A 2008 da 2009 wani ɗan'uwansa, dayetilin gilaikol, ya shiga maganin haƙoran jarirai a Nijeriya, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙirga yara 84 da suka mutu. Kada a ajiye shi a kwalbar lemo. Tsohon da aka zubar a tara shi a jarka mai murfi, a rubuta GUBA a jiki, kada a zuba kusa da rijiya, ko rafi, ko inda dabbobi ke sha. Wanda ya sha, a kai shi asibiti nan da nan tare da jarkar, ko da yana ganin lafiyarsa ƙalau, domin ciwon ƙodar yakan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

SHAWARA GA KWAMITI

A taronku na gaba ku sa wannan cikin abin da za ku tattauna. Kowace mota da tarakta ta sami shafinta a littafin ƙungiya, a rubuta sunan maganin, da irinsa, da ranar da aka zuba, da ranar canji. A liƙa wannan a ƙarƙashin bonet ma, domin sabon direba ya gani. Ma'aji ya ajiye jarka ɗaya ta irin da ake amfani da shi, kada direba ya saya a bakin hanya. Lokacin da ya fi dacewa da wankin lagireto shi ne Maris ko Afrilu, kafin aikin huɗa da kai taki ya taso.