Wuƙa ko Gashi: Abin da Kowanne ke Bar wa Namiji

Magidancin Tambuwal ko na Kebbe da aka gano masa kansar furostet, 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, in cutar ba ta bazu ba, manyan hanyoyin kawar da ita biyu ne a gabansa: a yi tiyata a cire tsokar, ko a gasa ta da na'ura. Wajen tsawon rai tazararsu kaɗan ce. Binciken ProtecT na Birtaniya ya bi maza 1,643, kuma bayan shekara 15 kusan 97 cikin 100 kansar ba ta kashe su ba, kowace hanya suka bi. Abin dubawa shi ne halin da mutum zai koma gida da shi.

Tiyata nan take take karɓar nata. Robar fitsari ta yi mako ɗaya ko biyu, ana cire ta sai yoyo ya biyo baya. Dattijo ya miƙe daga ruku'u ya ji ɗumi a wando, gobe ya koma sahun baya, jibi ya ce ƙafa ke damunsa. Alhali malaman Malikiyya sun yi sauƙi: yoyon da ke cin mafi yawan lokaci ba ya karya alwala. Akwai kuma atisayen matse tsokar da ake tsayar da fitsari da ita, sau da yawa a yini, ko mutum na zaune a kan tabarma. Yawanci yoyon na raguwa cikin watanni. Maniyyi kam ya tafi ke nan, ƙarfin gaba kuma yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani ma ba ya dawowa sai da magani.

Gashi ba ya yanka, amma yana cin lokaci da aljihu. Kwana biyar a mako ake yi, makonni a jere, don haka mutumin Kebbe sai ya nemi masauki kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko da damina ce. Illarsa a hankali take fitowa: gaba ya yi ta sanyi cikin shekaru, dubura ta yi raɗaɗi, wani lokaci har da jini. A nan ne ake cewa basir ne, a nufi mai jiƙo a kasuwa maimakon asibiti.

Akwai waɗanda wannan zaɓin ya fi yi wa nauyi, kuma su ne ba a tambaya: maza masu neman maza, da masu neman maza da mata. Binciken Restore na Farfesa Simon Rosser a Jami'ar Minnesota ta Amurka dominsu aka yi shi, saboda shawarar da aka saba bayarwa ta miji da mata ce. Ga wasunsu raunin dubura bayan gashi ya fi komai tsanani, ga wasu kuwa raunin gaba bayan tiyata. A Sakkwato, inda dokar tarayya ta 2014 da dokar shari'a ta jiha suka haramta alaƙar namiji da namiji, ba wanda zai buɗe baki. Amma majinyaci ne, ciwonsa ciwo ne, kuma sirrinsa amana ce a wuyan likita. Ko bai tambayi kowa rayuwarsa ba, likita na iya zayyana wa kowane namiji abin da kowace hanya ke yi wa fitsari da gaba da dubura, mai buƙata ya ɗauki nasa.

A ganina mai sauran ƙarfi da zai jure watannin yoyo yana da dalilin karkata ga tiyata, wanda tsufa ko ciwon zuciya ya raunana kuwa gashi ya fi masa sauƙi. Damuwata ita ce da yawa daga mazanmu sai cutar ta kai ƙashi suke isa asibiti, lokacin da allurar rage sinadarin maza ko cire 'ya'yan maraina ne kan gaba. Su ma suna buƙatar wanda zai ce musu, “Baba, ya fitsari, ya kuma iyali?” ya zauna ya saurari amsa.