Sayen gida a Abijan: A duba gini, a duba takarda

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da ke safarar goro, albasa da atamfa zuwa Kwaddibuwa kan yi sha'awar mallakar gida a Adjamé ko Treichville, domin su huta da kuɗin haya kuma su sami wurin ajiye kaya kusa da kasuwa. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai biya kuɗin dila ba sai ya kwance ta, sai ga shi ya zuba miliyoyin sefa a kan gida bisa maganar dillali kawai.

Treichville tana gefen tafkin Ébrié, ƙasarta kwari ce mai danshi, kuma iskar gishiri tana cin rodi daga cikin siminti. Saboda haka muna ba da shawarar a je ganin gida a watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, tare da magini ko injiniyan da mai saye ya ɗauko da kansa. A duba tsagewar bango, tsatsar ginshiƙi, magudanar ruwa da shadda. Sabon fenti a gindin bango sau da yawa danshi yake ɓoyewa. Idan an ɗora bene a kan tsohon gini, a nemi takardar izinin gini, domin ba mu manta da benen da ya rushe a Treichville a 2022 ana cikin gininsa, har aka rasa rayuka ba. Haka nan a tabbatar babu bashin wuta na CIE ko na ruwa na SODECI.

Sai batun takarda, wanda ya fi komai. Tun 2013, takardar da ake kira ACD ita ce gwamnati ke bayarwa a matsayin shaidar mallakar fili a birni, kuma takardar da shugabannin ƙauye suka sa wa hannu ba ta kai matsayinta ba. Doka ta kuma wajabta a ƙulla cinikin gida a gaban notaire, wanda zai bincika a ofishin rajistar filaye ko an jinginar da gidan a banki. Yawancin tsofaffin gidajen haya masu tsakar gida ɗaya na gado ne, don haka sai an ga amincewar dukkan magada.

A ƙarshe, a tambayi hukuma ko hanya za ta bi ta wurin. A watan Yulin 2024 an rushe gine-gine a Adjamé Village saboda aikin titi. Kuɗin magini da na notaire ba su kai asarar jarin shekara ashirin ba, don haka kada kafin alƙalami ya fita daga aljihu sai an kammala waɗannan bincike.